Awa talatin a Santambul: me za mu gani, me za mu ci?

Wani Alhaji daga Zariya ya rubuto yana tambaya: "Ni da mai ɗakina za mu je Ingila bikin kammala karatun ɗanmu a tsakiyar Oktoba. Jirginmu zai sauka Istanbul ranar Litinin wajen ƙarfe bakwai na safe, sai Talata ƙarfe ɗaya na rana za mu tashi. Muna so mu ga gari, mu ci abincinsu. Na rubuta wurare goma sha ɗaya da aka ba ni labari. Ta ina za mu fara?"

Alhaji, barka da arziki, Allah ya sanya albarka a karatun yaro. Na daɗe ina yanka wa 'yan kasuwa da masu zuwa Umara tikiti ta wannan hanya, ni ma na sha yada zango a garin, don haka zan gaya muku abin da nake gaya wa duk wanda ya zauna a gabana da takarda irin taku: ku soke fiye da rabinta tun kuna gida.

Mu yi lissafi tukuna. A tikiti awa talatin ne, amma ba duka ne naku ba. Filin jirgin Istanbul sabo ne, a 2019 aka kammala ƙaura zuwa cikinsa, kuma girmansa ya kai mutum ya yi tafiyar minti ashirin daga ƙofar jirgi kafin ya isa wurin buga fasfo. Ku ba wa fita awa ɗaya da rabi. Daga can zuwa tsohon gari kilomita arba'in ne da ɗoriya, kuma safiyar Litinin ce, cunkoso na jiran ku, sai a ƙara wata awa ɗaya da rabi. Ke nan ƙarfe goma za ku ajiye jaka a masauki. Ranar Talata dole ku kasance a filin jirgi ƙarfe goma, musamman da yake masu zuwa Ingila ana sake duba takardunsu a bakin ƙofar jirgi. Abin da ya rage muku shi ne wunin Litinin daga hantsi zuwa bayan isha'i, sai asubar Talata. A ciki za ku yi sallah, ku ci abinci, ku huta, bayan kun kwana a zaune a cikin jirgi. Wuri goma sha ɗaya ba zai shiga nan ba, sai dai a wuni a cikin mota ana leƙe ta taga.

Kafin komai, biza. Mai fasfon Najeriya ba ya fita daga filin jirgi zuwa cikin gari sai da bizar Turkiyya, kuma bizar Ingila da ke cikin fasfonku ba ta maye gurbinta. Sharuɗɗan suna sauyawa, saboda haka ku tuntuɓi ofishin jakadancin Turkiyya a Abuja tun yanzu, kada ku dogara da abin da wani ya yi shekara uku da suka wuce. Na taɓa ganin mutum ya biya otal, ya tsara yawonsa tsaf, ya ƙare a kan kujerar filin jirgi kwana da wuni saboda wannan. Ku kuma duba tikitin da kyau: Istanbul tana da filin jirgi biyu. IST shi ne babban, SAW shi ne Sabiha Gokcen a ɓangaren Asiya, kuma tsakaninsu tafiya ce mai nisa. Da yake zangonku ya haura awa ashirin da huɗu, ku tambaya a Abuja ko za a miƙa manyan akwatunanku kai tsaye zuwa Ingila. Idan sai kun karɓe su, akwai wurin ajiyar kaya a filin jirgin, sunansa emanet, kalmar amana ce dai tamu. Ku shiga gari da ƙaramar jaka ɗaya. Kamfanin Turkish Airlines yana da tsarin zagaya gari kyauta ga masu zangon awa shida zuwa ashirin da huɗu, yana kuma da wani tsari na ba da otal ga masu dogon zango. Ku tambayi wanda ya yanka muku tikiti ko kun cika sharaɗinsa.

Masauki ku kama a unguwar Sirkeci ko ta Sultanahmet, cikin tsohon gari, ko da ya ɗan fi tsada. Nan ne duk abin da zan lissafa yake, ana iya taka shi da ƙafa, in an gaji a hau jirgin titi mai lamba T1 wanda ya ratsa unguwar daga farko har ƙarshe. Ku sayi katin Istanbulkart guda ɗaya ku zuba masa kuɗi. Shi ake shiga jirgin titi da jirgin ƙasa da jirgin ruwa da shi, kuma mutum biyu na iya amfani da ɗaya. Ɗaki ba ya samuwa sai wajen ƙarfe biyu, amma za su karɓi jakarku su ajiye.

Ku fara da fadar Topkapi, saboda ranar Talata a rufe take, Litinin ɗin nan ce kaɗai damarku. A nan sarakunan Daular Usmaniyya ta Turkawa suka zauna kusan shekara ɗari huɗu. Sarkin wannan fada ne kakanninmu ke nufi in suka ce Sarkin Santambul, kuma nan Mai Idris Alooma na Borno ya aiko da jakadu zamanin Sarki Murad na Uku a shekarun 1570. Fadar babba ce, mai son ganin komai zai wuni. Ku nufi tsakar gida ta uku kai tsaye, ɗakin da suke kira Amanoni Masu Tsarki. Bayan Sarki Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517 aka fara tara kayan nan: akwatin da ke ɗauke da mayafin da ake jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da takubban da ake jingina masa da Sahabbai, da tsofaffin mabuɗan Ka'aba, da indararonta na da, da tsofaffin gidajen Hajarul Aswad. Akwai alaramma a zaune yana karatun Alkur'ani ba yankewa, in wannan ya tashi wani ya karɓa. Na kai mutane da dama ɗakin nan, kuma ban cika ganin wanda ya fito yana surutu ba. Layi yana da tsawo, ku yi haƙuri da shi. Idan kun fito, ku ƙarasa ƙarshen fadar inda ake hango mahaɗar ruwa uku, ku zauna minti goma. Awa biyu ta ishe ku.

Daga ƙofar fadar zuwa Aya Sofiya taku kaɗan ne, kuma azahar a tsakiyar Oktoba wajen ƙarfe ɗaya take. Sarkin Rum Justiniyan ne ya gina ta a matsayin coci, aka gama a shekarar 537. Sarki Muhammad Alfatih ya mai da ta masallaci da ya ci garin a 1453, aka mai da ta gidan tarihi a shekarun 1930, sannan aka dawo da sallah a cikinta a 2020. Tun 2024 masu yawon buɗe ido suna biyan kuɗi su hau bene ta wata ƙofa daban, masu sallah kuwa suna da ƙofarsu. Ku je da alwala a matsayin masu sallah. Sallah ɗaya a ƙarƙashin kubbar da ta kusa shekara dubu ɗaya da ɗari biyar a tsaye ta fi mini hoto hamsin daga bene. Mutanen garin Hanafawa ne, za ku ji ba a ɗaga murya da amin, kuma bayan sallama kowa zai miƙe ya yi nafila kafin ladan ya ja tasbihi. Kada wannan ya ruɗe ku. Kun san matafiyi in ya bi limamin gari cikawa yake yi. Masallacin Sultan Ahmad, mai hasumiya shida, wanda aka gama wajen 1617, yana fuskantar Aya Sofiya, lambu ne kawai a tsakani. Ku leƙa shi bayan an watse daga sallah, rabin awa ya isa.

Ga wani abu ƙarami da nake gaya wa kowane Bahaushe. A ƙofar banɗaki za ku ga an rubuta Bay a ɗaya, Bayan a ɗaya. Idon Bahaushe na ganin Bayan sai ya tuna bayan gida ya kutsa. To Bayan na mata ne, Bay na maza. Wani wurin Erkek ake rubuta wa maza, Kadin wa mata.

Yanzu abinci, wanda a ganina shi ne rabin tafiyar. Ku cire tsammanin yaji da man ja daga ranku. Girkin Turkawa ya dogara ne ga man shanu da man zaitun da tumatir da kindirmo da burodi, ga tsami-tsami a gefe. Wanda ya saba da miyar kuka mai daddawa zai ji abincin salam a loma ta farko, sai a ta uku ɗanɗanon naman da kansa yake fitowa. A kan kusan kowane tebur akwai dakakken jan barkono mai suna pul biber, ku barbaɗa. In Hajiya ta ƙullo ɗan yajinta a jaka, babu mai hana ta.

Dokata ɗaya ce a kan wurin cin abinci: duk inda aka tsayar da mutum a ƙofa yana kiran ku da Turanci da Larabci yana miƙo takarda mai hotuna, ku wuce. Ku nemi irin wanda suke kira esnaf lokantasi, wato gidan abincin masu sana'a. Alamarsa tukwane a jere bayan gilashi, tururi na tashi, teloli da 'yan dako da masu shago suna ci suna tashi. Ba sai kun iya yaren ba, nuni kawai za ku yi da yatsa a zuba muku. A nan za ku samu miyar adas mai zafi da ake matsa wa lemon tsami, da dafaffen naman rago da gauta irin tasu mai tsawo, da shinkafa da man shanu. Ya fi araha, ya fi daɗi, kuma da yake tukunyar ba ta kwana, ciki ya fi samun lafiya.

Da safe, kafin Topkapi, kada ku zauna wa cikakken karin kumallonsu mai faranti goma sha, zai cinye muku awa biyu. Ku sayi simit a wurin masu jar amalanke, burodi ne zagayayye kamar awarwaro da aka barbaɗe da riɗi, ku haɗa da shayi. In yunwa ta yi yawa a ƙara menemen, ƙwai ne da aka soya cikin tumatir da tattasai, ana dangwala da burodi. Shayinsu baƙi ne ba madara, a ɗan ƙaramin kofin gilashi, daga yankin Rize ake noma shi. Da rana, bayan azahar, kan titin Divan Yolu akwai tsofaffin gidajen kofte: niƙaƙƙen nama ne da aka gasa a kan garwashi, ana kawo shi da kwaɗon farin wake da albasa. Ku sha shi da ayran, wato kindirmo da aka tsinka da ruwa aka sa gishiri. Hajiya za ta nemi sukari, babu. A haka ake shan sa, kuma yana kwantar da maiƙo.

Bayan nan ku koma ɗaki ku kwanta awa ɗaya. Na san za ku ji kamar asara ce. Ba asara ba ce, ita ce za ta sa ku kai dare da ƙafafunku.

La'asar wajen ƙarfe huɗu take, ku yi ta a Sulaimaniyya. Ku hau T1 ku sauka Beyazit, ku ratsa ta cikin babbar kasuwar rufi. Kasuwar ta samo asali tun zamanin Alfatih, shagunanta sun kai dubbai, ranar Lahadi ba ta ci. Ku ratsa ta don kallo, kamar yadda baƙo zai ratsa Kurmi, amma kada ku tsaya ciniki: farashin farko na baƙo ne, kuma da zarar an zaunar da ku an kawo shayi, awa ta tafi. Masallacin Sulaimaniyya magini Sinan ne ya gina wa Sarki Sulaiman Alƙanuni tsakanin 1550 da 1557. In aka ce in zaɓi masallaci ɗaya a garin, shi zan ɗauka. Babu turmutsutsun Sultanahmet, cikinsa fili ne da haske, kabarin Sarki Sulaiman yana bayansa, kuma daga farfajiyar arewa ana ganin ruwa da gada da hasumiyar Galata ba tare da an biya ko kwabo ba. Shi ya sa na soke muku hawa Galata: awa guda a layi don ganin abin da za ku gani a nan kyauta. Daura da ƙofar masallacin akwai jerin masu kuru fasulye, farin wake da aka dafa da man shanu da tumatir har ya yi laushi, ana zuba shi a gefen shinkafa. Bahaushen da ya tashi da garau-garau zai gane ɗan'uwansa nan take. Ko kun ƙoshi ku raba faranti ɗaya. Tafiyar minti biyar daga nan, a unguwar Vefa, akwai shagon boza da ke aiki tun 1876. Da gero ake yin ta, kaurinta kamar kunu, ana barbaɗa kirfa. Ana barin ta ta yi tsami kafin a sha, don haka wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bar ta.

Daga Sulaimaniyya ku gangara da ƙafa ta lungunan Tahtakale zuwa Eminonu, unguwar bakin ruwa. Gangaren yana da tsayi kuma duwatsu ne a shimfiɗe, Hajiya ta sa takalmi mai faɗi. A ƙasa za ku tarar da Kasuwar Masar, ta kayan ƙamshi, ginin shekarun 1660. Tsaraba a nan ake yin ta, sai dai shagunan da ke wajen ginin, inda matan garin ke saye, sun fi na ciki sauƙi. Ku sayi lokum, alewarsu mai danƙo, da busasshen ɓaure da ganyen shayi. Za ku ga pastirma, busasshen nama mai yaji da zai tuna muku da kilishi. Ku ɗanɗana a nan, kada ku saya don tafiya. Ingila ba ta barin a shiga da nama ko cuku daga Turkiyya, haka ma daga Najeriya, saboda haka kilishi da dambun naman da aka ƙulla wa yaro ma kada su shiga akwati.

Sai abin da na fi so a duk wunin. Wajen ƙarfe shida ku shiga jirgin ruwan haya daga Eminonu zuwa Uskudar, da katin nan naku. Kada ku biye wa masu tallar zagayen awa biyu a kan Bosforus, mashigin ruwan da ya raba Turai da Asiya. Wannan jirgin ma'aikata ne masu komawa gida, minti ashirin bai cika ba kun bar Turai kun shiga Asiya. Ku zauna a waje ta baya, mai shayi zai zagayo da tire, rana na faɗuwa a bayan hasumiyoyin da kuka wuni a cikinsu. Kuna sauka ga masallacin Mihrimah, 'yar Sarki Sulaiman, a bakin tasha, shi ma aikin Sinan ne. Ku yi magariba a nan, wajen shida da rabi. Da yamma iskar ruwa tana da sanyi a Oktoba, ana kuma iya yin ruwan sama, ku riƙe rigar sanyi.

In kun dawo Eminonu, ga masu balik ekmek, gasasshen kifi a cikin burodi da albasa. Ku kula da ƙaya. Gidajen kifin da ke ƙarƙashin gadar Galata yawancinsu suna sayar da giya, kuma ba su da arha. Naman alade ba abin damuwa ba ne a gidajen abincin gari, giya ce abin lura. Akwai wata mai suna raki, in aka zuba mata ruwa sai ta koma fara sol kamar nono. Duk farin abin da kuka gani a dogon kofi a tebur na kusa, kada ku ce a kawo muku irinsa. Ku ambaci ayran da sunansa. Ku rufe dare da kayan zaƙinsu, baklawa mai fistik (wata koriyar ƙwaya mai kama da gyaɗa) ko kunefe mai zafi, a Sirkeci, mutum biyu faranti ɗaya, don zaƙin yana da ƙarfi.

Garin yana da aminci daidai gwargwado, amma akwai 'yan dabaru da ake yi wa baƙi. Mai shafa takalmi zai yar da burushinsa a gabanku, in kun ɗauka kun miƙa masa sai ya ce zai goge muku takalmi don godiya, a ƙarshe ya tsuga kuɗi. Wani zai yi muku sallama da fara'a ya ce ku zo ya kai ku shagon ɗan'uwansa. Mai tasi kuma ku tabbata ya kunna mita, in za ku biya ku faɗi adadin takardar kuɗin da baki kafin ku miƙa. Canji kaɗan za ku yi a filin jirgi, na cikin gari ya fi daraja. Fasfo da tikitin ci gaba da tafiya su kasance a jikinku, 'yan sanda kan tsayar da baƙi su duba takardu. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu, ku gyara tun a jirgi. Kalmomi kaɗan za su buɗe muku fuska: sallama dai sallama ce, hesap shi ne lissafin kuɗin abinci, cami da ake furtawa jami shi ne masallaci, abdest alwala. In kun wuce mai aiki ku ce kolay gelsin, daidai take da sannu da aiki, za ku ga yadda zai ɗago ya amsa.

Abin da na soke kuwa: fadar Dolmabahce a rufe take ranar Litinin. Taksim shaguna ne da cunkoso. Tsibiran da ke kusa da garin wuni guda suke ci. Laleli, inda 'yan kasuwarmu ke sarin kaya su ba masu kago, tafiya ce ta daban. In Hajiya ta shiga neman abaya da mayafi, Sulaimaniyya da jirgin ruwa sun tafi. In sayayyar ta zama dole, ku sa zangon dawowa ya zama nata.

Asubar Talata na ajiye wa masallacin Ayyub Sultan. Nan ne kabarin da ake jingina wa Abu Ayyub Al'ansari, Sahabin da Manzon Allah ya sauka a gidansa da ya isa Madina, wanda ya rasu a bakin ganuwar garin nan zamanin Mu'awiya, yana tsoho, cikin rundunar da ta zo yaƙi. A zamanin Daular Usmaniyya, a harabar nan ake ɗaura wa sabon sarki takobi in ya hau gadon mulki. Ku sallami otal tun dare, ku ce a kira muku tasi, ku tafi da jakarku. Rana ba ta fitowa a tsakiyar Oktoba sai bayan ƙarfe bakwai, don haka ba sai kun yi sammakon wahala ba. Bayan sallah ku yi wa Sahabin sallama, ku sha miyar adas da burodi mai zafi a ɗaya daga shagunan da ke bakin harabar. Unguwar tana kan hanyar filin jirgi, in kun tashi ƙarfe takwas da rabi za ku isa da sauran lokaci. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ku gai da yaro.